Inda Hannuwan Kawu Suke Tsayawa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu, yayan mahaifiyata, ya rasu a Gummi wata Laraba da hantsi, bayan ya sha kunu ya ce a buɗe masa taga. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Tsofaffin Zugu, garinsa na asali, da gudun 'yan bindiga ya watsa garuruwa suka haɗu a tabarma ɗaya suna tambayar juna wa ya rage. Dukawan kasuwa suka rufe rumfunansu, don shi ma baduku ne, ya tsufa yana ɗinka takalman fata. Ni ranar ban yi kuka ba, ina ta raba ruwa kamar baƙuwa a gidan.

Sai ranar sadakar uku wata motar haya ta tsaya a ƙofar gida, kurame suka sauko, maza da mata. Ɗalibaina ne na wata ƙaramar cibiyar koyon sana'a a Anka. Kurma ba ya jin muryarsa, don haka ba ya rage ta. Kukansu ya shigo gidan da ƙarfin da ya sa mata suka ajiye ludayi, yara suka ɓuya bayan iyayensu.

"Su wa na waɗanga?" in ji wata tsohuwa da ke kusa da ni. "Ɗiyan wa na?"

Na ce almajiran Kawu ne. Ta ce ita ba ta taɓa ganinsu a rumfarsa ba. Gaskiya ta faɗa. Yawancinsu ba su taɓa haɗuwa da shi ba, a majigi suka san shi, majigin ma hannuwansa kawai yake nunawa.

Babbansu, wani magidanci da muke kira Na-Sunke, ya tambaye ni da maganar hannu ko akwai hoton mamacin, waɗanda ba su san shi ba suna son su ga fuskarsa. Babu, Kawu bai taɓa tsayawa an ɗauke shi ba. Sai na nuna musu wansa, Malam, da ke zaune a zaure yana karɓar gaisuwa, na ce kamar wannan yake, sai dai ya fi shi dariya. Suka je suka durƙusa gabansa. Fuskar suka kalla kaɗan, sannan duk suka sauke ido kan hannuwansa masu laushi, hannun mai buɗe littafi. Na-Sunke ya girgiza kai a hankali. A nan nawa kukan ya zo.

Da la'asar Malam ya kira ni.

"Ɗiyata, majigin ga da kuka nuna ma kurame, ina son ki kawo man shi a goge. Mutum ya kwanta, a bar hannuwanai su kwanta."

"Malam, in an goge shi da mi za su koyo?"

"Da abin da mutane sunka koya tun kahin a yi majigi. Ki taho da shi ran bakwai."

Majigin yana cikin wani ɗan katin waya da bai kai farcena ba, kuma babu kwafinsa a ko'ina, don Kawu ya hana a tura wa kowa. Idan aka goge shi, ɗinkin da ke ciki ya tafi, babu mai sake nuna shi yadda ya nuna. Na fita daga zauren raina a ɓace. Ina son Malam, amma ranar ji na yi kamar zai sake binne mini Kawu.

Bari in faɗi wane ne Kawu, don kada a ɗauka hannuwa ne kawai. Mutum ne mai surutu, gajere, mai ƙaramin gemu da ya ƙi cika har ya mutu. Idan ka shigo, ƙafarka yake fara gaisarwa kafin fuskarka. Na taɓa zuwa da wani takalmin roba mai sheƙi da nake ji da shi, ya dube shi ya kama haɓa.

"Wa yay yi miki wanga zalunci?"

"Kawu, yayi na."

"To yayin ya ci miki diddige. Tuɓe."

Haka na koma gida da tsohon silifas ɗin matarsa, ya riƙe nawa wai zai yi masa addu'a.

Akwai wani gurgu mai rarrafe da ke zuwa kasuwar Bukkuyum, tafin hannunsa ya yi kanta ya tsattsage saboda zafin ƙasa. Wata rana Kawu ya tashi daga kan buzunsa, ya durƙusa a gabansa cikin mutane, ya kama tafin ya ɗora kan fata ya zagaye shi da gawayi. Mutumin ya ji kunya yana janyewa. Kawu ya ce, "Tsaya mana. Nan kaka taka ƙasa, nan za mu auna." Kasuwa ta gaba ya kawo masa takalmin hannu, mai maɗauri a bayan yatsu. Duk shekara yana sake masa, kuma duk shekara sai ya yi masa faɗa cewa ya fi danna hagu.

Wannan halin ne ya sa na nufe shi lokacin da cibiyarmu ta rasa mai koyar da dukanci. Ɗalibanmu wasu an haife su kurame, wasu sanƙarau ya toshe musu kunne, wasu kuma irin su Na-Sunke gubar dalmar haƙar zinari ce ta taɓa su tun suna ƙanana. Kawu yana Zugu, hanya ba ta biyuwa kullum, ba zai iya zuwa Anka kowane mako ba. Na ce masa mu ɗauki aikinsa a waya, mu haska musu a bango, su kalla, mu tsayar, mu mayar baya, har ya zauna musu. Kurma da ido yake ji, kuma majigi ba ya gajiya da maimaici.

Gidansu gidan malamai ne, ba sa son hoto. Ya ce, "Huskata ba ta taɓa ɗunka takalmi ba. Ɗauki hannu, shi ka aiki." Ya kafa sharaɗi kuma, kada a saka kiɗa, kada a hanzarta, kada ya shiga wayoyin mutane.

Wanda ya ɗaure mana wayar a jikin azarar zaure da robar taya, tana kallon buzu daga sama, shi ne ɗan farin Kawu, taubashina, ɗan kabu-kabu. Ni da shi ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba, ya ce mini malamar bebaye, in ce masa direban jaki mai shan fetur. Tsakaninsa da iyayensa kuwa akwai alkunyar ɗan fari, irin ta mutanen da, wadda zama da Fulani ya ƙara wa ƙarfi. Kawu da matarsa, wadda duk muke kira Inna, ba su taɓa faɗin sunansa ba. Ba sa kiransa, ba sa kallonsa ido da ido a gaban mutane. Yana tsaye a gabansa Kawu zai juyo wajena ya ce, "A hwaɗa ma mai babur ga wayar ta karkace." Ni kuma in juya in faɗa masa, muna danne dariya. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya san babu wanda Kawu yake so kamarsa.

Mun ɗauki yankan fata, mun ɗauki gyaran tafi da shafa gam. Kawu mai surutu ya koyi yin shiru, tunda waɗanda yake koya wa ba za su ji ba. Yana yin komai a hankali, ya juyo da fatar sama don ido ya gani, ya sake. Saboda shirun nan, duk abin da ke faruwa a gari yana shiga wayar, kukan kaza, ƙarar taɓarya, wucewar amalanke.

Ranar ƙarshe aka zo ɗinki mafi wuya, wanda ke haɗa maɗauri da tafi ta ciki har ba a ganin zare. Damina ce, gero ya rufe mutum. Na kunna wayar na shiga cikin gida taya Inna tuwo, na bar Kawu da ɗansa a zaure. Abin da zan faɗa yanzu ban gan shi da idona ba, daga baya na ji shi a wayar.

Hannuwan suna cikin ɗinki sai a fara jin babura daga nesa, da yawa, irin yawan da duk ɗan Zugu ya san ma'anarsa. Basillar ta tsaya. Kawu ya ajiye ta, ya shimfiɗa tafukansa biyu kan takalmin ya danne. Sai muryar taubashina, kusa, ba tare da tsoro ba.

"Baba, bari in leƙa."

Ana jin takunsa yana fita. Sannan a ji Kawu ya ja numfashi, irin wanda mutum ke ja idan zai ƙwala wa na nesa kira. Ya riƙe shi. Babban yatsansa na dama yana ta shafa gefen fatar. Ya saki numfashin ba tare da ya ce komai ba. Ƙarar baburan ta yi kamar ta karkata wani gefe, hannuwan suka ɗauki basilla suka ƙarasa ɗinkin tsaf, suka juyo da shi sama don ido ya gani. Bayan nan ne aka fara harbi.

Mu mata cikin gero muka kwana biyu. Kawu ya tsira. Taubashina a bakin gari suka tare shi suka tafi da shi, har yau babu labari, babu gawa, babu wanda ya ce ya gan shi. Iyalin suka koma Gummi. Wani maƙwabci da ya koma kwaso kaya ne ya tarar da wayar tana nan ɗaure a azara.

Daga ranar hannun Kawu ya kama rawa. Yana iya yanka, yana iya shafa gam, amma ɗinkin ciki ya gagare shi har abada. Da na gaya masa abin da ke cikin wayar, na ce sai mu haƙura da darasin, ya ce a'a. "Na yi ma yaran ga alkawari. Aikin ya yi kyau ko bai yi ba?" Na ce ya yi. Ya ce in yanke harbin da ke ƙarshe in kai musu sauran. Inna kuwa kada ta ji akwai murya a ciki.

Haka muka soma. Bango mai farar ƙasa, ƙaramar na'ura da batirin hasken rana, kowa da fatarsa a gwiwa. Sauti a kashe, tunda babu mai buƙatarsa. Hannuwan Kawu su cika bangon, kowane yatsa ya kai tsawon mutum. In tsayar, su gwada, in mayar baya, su sake. Wanda ya gane ya juya ya nuna wa na kusa da shi. Cikin 'yan watanni takalmansu suka fara shiga kasuwar Anka.

Ban lura da wuri ba. Wata rana ina zagayawa majigin a kashe, kowa yana nasa aikin, sai na ga Na-Sunke ya kai tsakiyar ɗinkin ciki ya ajiye basilla, ya danne takalmin da tafuka biyu, babban yatsansa yana shafa gefe. Na duba wata mata a bayansa, ita ma haka. Dukkansu haka suke yi, a wuri ɗaya, tsawon lokaci ɗaya. Na tambaye su dalili, suka dube ni kamar na tambayi dalilin saka zare a allura. Ai haka ake yi, in ji su, ana danne shi ne don ɗinkin ya zauna. Har sunan da suka raɗa wa Kawu da maganar hannu ke nan, tafuka biyu a kife. Na fita waje na tsaya a rana.

Sau ɗaya Kawu ya taɓa zuwa cibiyar, lokacin 'yan rukunin farko. Ya shigo yana duba ƙafafunsu yana tsokana, suna ta murna. Suka zauna su nuna masa abin da suka iya. Yana tsaye yana gyaɗa kai har suka kai wurin. Ɗakin duka ya tsaya cak, tafuka a kife. Na ga fuskarsa ta sauya, ya dafa bango ya fita, ya je gindin dalbejiya ya zauna a ƙasa da farar rigarsa.

Na bi shi na ce, "Kawu, bari in yanke wurin ga. Ba ya cikin aiki. Kuma in hwaɗa musu gaskiya."

"Ki yanke mi?"

"Tsayawar."

"Ke kika haihe shi?"

Bai taɓa yi mini tsawa ba sai ranar. Ni ma bakina bai mutu ba, na ce masa yana koya wa bayin Allah makoki ba su sani ba. Ya tashi ya kaɗe rigarsa ya nufi tasha. Rani guda bai yi mini magana ba. In na je gaishe shi sai ya amsa yana kallon bango, ko ƙafata ba ya dubawa, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Shi ya nemi shiri da kansa. Ina zaune kusa da shi yana fama da zare ya ƙi shiga, sai ya miƙo mini in zura masa. Bai dube ni ba ya ce, "Cikin majigin ga kaɗai yar rage shina ce man Baba." Ya karɓi basillar. "Sunan shina nan bakina, ɗiyata. Ni nar raɗa mai shi. Tun ran suna ban taɓa hiddo shi ba, ran nan kuma yaƙ ƙi hita. Da na kira, da ya tsaya. Yaron ga bai taɓa ƙin maganata ba." Na ce ƙaddara ce. Ya ce ya sani, shi ma ɗan malamai ne. Ya ce in bar kuramen su riƙa tsayawa, tunda shi ya kasa tsayar da kowa.

Ranar sadakar bakwai na zo da katin a ƙulle a gefen mayafina. Na sami Malam a zaure bayan mutane sun ragu. Na ce zan cire sautin gaba ɗaya, a bar hannuwan kawai.

"Ko kin cire, ni na ji," in ji shi. "Ƙanena ya sa man shi sau guda. Tun ran nan in na ruhe ido sai in ga hannuwan ga sun tsaya. Ciwon gidanmu na, ɗiyata. Ba ni son a riƙa haska shi ga bango mutane na koyi da shi. Muryar yaron ga kuma, ba mu san ko ta mai rai ta ko ta matacce ba."

Ba ƙarya ya yi ba. Na fara kwance ƙullin.

Gidan hayar Gummi ƙarami ne, ɗakin da Inna take takaba yana jingine da zauren. Sai muka ji ta daga ciki.

"Muryar wa ta cikin abin ga?"

Ta sake tambaya, a hankali. Malam ya sunkuyar da kai, ya ɗaga mini hannu alamar in je.

Na same ta zaune a tabarma, ta rame, carbi a cinyarta. Na saka katin a wayata na miƙa mata. Malam ya tsaya a bakin ƙofa daga waje. Ta ga hannuwan mijinta ta ce, "Allah Sarki," ta shafa gilashin. Kaza ta yi kuka a Zugu. Ana jin taɓarya, ta ce ita ce ke daka. Sai baburan. Sai hannuwan suka kife.

"Baba, bari in leƙa."

Takunsa ya fara nisa. Kawu ya ja numfashi. A cikin wannan shirun Inna ta buɗe baki ta kira sunan ɗanta, da ƙarfi, kiran uwa da ta hango yaro zai faɗa rijiya. Tunda nake ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Ba zan rubuta shi a nan ba. Malam ya zame ya zauna a dokin ƙofa. A cikin wayar Kawu ya saki numfashinsa, hannuwan suka ɗauki basilla.

Ta bari har aka ƙarasa ɗinkin. Ta share fuska da gefen mayafi ta ce, "Malam, a bar shi. Kurame su gani, ni in ji."

Malam bai sake tayar da maganar ba. Majigin yana nan yana aiki a Anka, Na-Sunke ne yanzu ke tsayarwa da mayarwa, sababbin ɗalibai suna kaiwa wurin su kife tafukansu. Ban gaya musu ba. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa kabari, Ya sa hannuwan nan su yi masa shaida. Wanda ya fita leƙawa kuma, in yana raye Allah Ya nuna masa hanyar gida, in ya riga mu Allah Ya haɗa shi da ubansa inda babu alkunya.

Duk Juma'a nakan hau mota in kai wa Inna katin a Gummi. Takan saurara ta kira, sannan ta ce, "Maido shi baya." Na lura kowane mako tana ƙara gaggawa. Da farko bayan ya yi magana take kira, daga baya ta koma kira yana cikin magana. Juma'ar da ta wuce, tun ba a fara jin baburan ba ta kira shi.